Wando mai cire ƙafa don tattaki da hawan dutse: wanne zan ɗauka?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan wandon nan na tattaki mai zif a cinya, wanda ake cire ƙafafunsa ya koma gajere. Akwai tafiyar kwanaki da muke shirin yi a ƙafa, hanyar hawa ce da gangara, da safe sanyi, rana ta take kuma zafi. Ina son mara nauyi, amma ba wanda zai yage daga zama ɗaya a kan dutse ba. Na duba kala-kala har kaina ya ɗaure. Wani an rubuta nailan zalla, wani nailan da zaren roba, wani poliyesta, ga su 70D, UPF 50, DWR. Me ya kamata in fara dubawa?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Nailan mai ɗan roba kaɗan, launi mai haske. Ka gama.

Baba Ilu: Ina ya gama, Kabiru? Ai ko farawa bai yi ba. Nura, kafin ka tambayi wanne, tambayi kanka ko kana bukatarsa ma. Taura biyu ba ta taunuwa. In ka bar shi dogo, ga zoben zif mai tauri a cinyarka duk takun da ka yi. In ka mai da shi gajere, bakinsa a sanƙare, ba ya bin jiki. Ka sayi dogon wando mai kyau guda ɗaya, ka jefa gajere mara nauyi a jaka. Ranar da ka wanke ɗaya kana da abin sawa.

Kabiru: Allah ya ƙara girma Baba, amma a tsakiyar hanya, ga mutane gaba da baya, a ina mutum zai tuɓe ya canza? Mai zif ɗin nan a tsaye za ka zuge ka wuce. Kuma in ka ratsa taɓo, ƙafafun kaɗai za ka cire ka ɗauraye ka rataya a bayan jaka, kafin ku yada zango sun bushe.

Baba Ilu: Wannan ta ƙarshen na yarda da ita. Ta farkon kuwa, yawancin waɗanda na yi tafiya da su ranar farko suke zugewa don marmari. Daga nan wando ya ƙare rayuwarsa a dogo, ana yawo da zif biyu da ba sa aikin komai.

Safiya: Nura, bari in warware maka lambobin tukuna, sai Baba da Kabiru su ci gaba da dambensu.

D ɗin da ka gani deniya ce, ma'aunin kaurin zare. Ana ɗaukar zare mai tsawon mita 9,000, nauyinsa a giram shi ne lambar. Wato 70D na nufin mita 9,000 na wannan zaren giram 70 ne. In lamba ta hau, zare ya yi kauri, yadi ya ƙara jure gogar dutse, nauyi ma ya hau. Amma kada ka yanke hukunci da ita kaɗai, don yadda aka matse saƙar ma yana da nasa tasiri. Siririn zare da aka saƙa dam-dam zai iya fin mai kauri da aka saƙa sakwa-sakwa daɗewa. In yadin yana hannunka, ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa. In kana hango komai tar, ƙaya ma za ta samu hanya.

Nailan da poliyesta duk daga man fetur ake samo su. Nailan kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara haɗa shi a 1935, poliyesta irin ta tufafi kuma a Ingila aka yi mata rajista a 1941. In kauri ɗaya ne, nailan ya fi jure gurza, shi ya sa yawancin wandunan hawan dutse da shi ake yi. Poliyesta kuma ta fi shi ƙin ruwa. Zaren nailan yana riƙe danshin iska kusan kashi 4 cikin 100 na nauyinsa, na poliyesta bai kai rabin kashi 1 ba, auduga kuwa wajen kashi 8. Poliyesta ta fi jure dukan rana ma, ba ta saurin ruɓewa. Inda ta faɗi shi ne wari: tana kama maiƙon jiki ta riƙe, kwana biyu kana zufa a ciki abokan tafiya za su fara ba ka tazara. Ga wanda zai riƙa zama a kan duwatsu yana jan gindi a gangara, ni nailan zan ce.

Nura: Na gode Anti Safiya. To wanda na ga yadinsa yana da layi-layi kamar gida-gida fa? Ado ne?

Safiya: Ba ado ba ne. Shi ake kira rifistof. Ana zura zare mai kauri a cikin saƙar bayan kowane milimita 5 zuwa 8, a tsaye da kwance. In ƙaya ta huda yadin, yagewar ta tsaya a zare mai kaurin da ke kusa, ba ta zarce har ƙasa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da dabarar wajen lemar saukowa daga jirgi. Sai dai ka gane aikinta: tana hana yagewa yaɗuwa ne, ba ta hana yadi cinyewa. In ma za ka lura da tsohon wando, zarurrukan nan masu kauri su suke fara gashi-gashi, saboda sun fi sauran tasowa sama, su dutse yake fara taɓawa.

Kabiru: Ka ga dai maganata ta fito. Nailan.

Safiya: Rabin maganarka ta fito. Batun roba da ka ce, a yi hattara. Zaren roban nan, wanda aka fi sani da sunan Lycra, shi ma DuPont ne suka fito da shi a 1958. Yana sa wando ya bi ka in ka ɗaga ƙafa, gaskiya ne. Amma yana jinkirta bushewa, kuma shi ne yake fara mutuwa a cikin yadi. Zafin guga, zafin injin busarwa, bilic, duk suna kashe shi. In ya mutu sai ka ga gwiwa da mazauni sun yi jaka ba sa komawa. Ni ba na son ya wuce kashi 3 zuwa 6. Akwai kuma yadin da yake miƙewa ba tare da roba ba, an murɗa zaren ne ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kafin a saƙa. Miƙewarsa kaɗan ce, amma ba ta gajiya da wuri.

Malam Habu: Sannunku. Ina ta karantawa ina jira a zo wurina. Ni tela ne, kuma wandunan nan da ake kawo mini gyara, da wuya ka ga yadin ne ya gaza. Yadi yana nan garau, zif ne ya tashi aiki, ko hantsa ta ɓalle. Don haka Hajiya Safiya ta yi bayani mai kyau, amma ni da zan saya, minti ɗaya zan ba yadi, sauran lokacin a kan zif zan ƙarar.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Yadin yana miƙewa, zif ba ya miƙewa ko kaɗan. Ka sayi wando mai roba, ka ja shi a hannu ka ji daɗi, alhali a tsakiyar ƙafarsa akwai zobe wanda faɗinsa ba zai taɓa ƙaruwa ba. Cinyar mutum kuma tana kumbura in ya lanƙwasa gwiwa ya ɗora nauyi a kai. A tsaye a gaban madubi komai lafiya. Sai ka fara hawa, kowane taku zoben ya shaƙe cinya, ya ja wandon ƙasa daga ƙugu, ya gurje fata. Wannan ne abin da Baba Ilu yake kuka da shi, kuma yana da gaskiya, sai dai laifin na yanka ne da gwaji.

In ka sa shi, kada ka tsaya ƙiƙam. Ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera ka tura jiki gaba. Tsuguna har ƙasa. A haka, zura yatsu biyu tsakanin zif da cinyarka. In ba su shiga ba, ajiye shi, ko da ƙugun ya yi maka daidai. Sannan juya shi ciki-waje. Dole a samu ƙyalle da ya rufe haƙoran zif ta ciki don kada su taɓa fata, da wani ta waje don yashi. Na cikin ya zama mai laushi, bakinsa a naɗe, ba wanda aka yanke da zafi aka bar shi da kaifi ba.

Shi kansa zif ɗin irin na jaket ne, mai rabuwa biyu gaba ɗaya, mai ɗan tsinke da ake zurawa a gidansa kafin a ja. Wurin nan ne raunin. In bakin tsinken ya tsage, sai dai a farke zif ɗin duka a sa sabo, aiki ne mai cin lokaci. Cire ƙafar ka mayar kamar sau uku a wurin saye. In kana fama da shi a zaune cikin natsuwa, yaya ke nan da yamma hannu ya yi sanyi haske ya ragu?

Nura: Malam Habu, Allah ya saka da alheri, ban taɓa tunanin zoben nan ba. Na ga wasu suna cewa a duba YKK a jikin kan zif, wato ɗan abin da ake ja a zuge. Da gaske ne ko talla ce?

Malam Habu: YKK kamfanin Japan ne, tun 1934 suke harkar, kuma zif ɗinsu ba ya ba ni wahala. In na gani hankalina yakan ɗan kwanta. Amma suna kaɗai ba ya ɗinka wando. Zif mai kyau in an ɗora shi a karkace, ko an ja yadi an tattare shi a jikinsa, zai riƙa cin ƙyalle yana maƙalewa. Duba lambar da ke bayan kan ma, ita ce kusan faɗin haƙoran a milimita in an zuge. Lamba 3 ta fi laushi da rashin nauyi, ita aka fi sawa a irin wandon nan. Lamba 5 ta fi ƙarfi amma za ka ji ta a cinya. Ni a wannan wurin na fi son mai haƙoran nailan da aka naɗa kamar waya, yana lanƙwasa ya bi zagayen ƙafa, ba mai manyan haƙoran roba ɗai-ɗai ba.

Wani abu kuma, in wata rana ka ja zif ka ga yana buɗewa ta baya, kada ka jefar da wandon. Yawanci kan ne ya buɗe baki saboda yashi ya cinye shi. Matse shi kaɗan da filaya, gefe da gefe, a hankali. In bai yi ba, a canza kan kaɗai.

Zulai: Malam Habu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu masu faɗin ƙugu da cinya, in zoben ya shige mu, to ƙugun wandon ya yi yawa. In ƙugu ya yi daidai, zobe ya tsaya a hanya. Ga ni kuma ba doguwa ba, sai zif ɗin ya sauko daidai kan ƙoƙon gwiwa. Duk wanda bai taɓa durƙusawa a kan haƙoran zif ba, ba zai gane ba. Daga baya na koma mai zif a ƙasan gwiwa, wanda in an cire yake tsayawa a ƙwauri. Ƙwauri ba ya kumbura kamar cinya, gwiwa a rufe take, iska kuma tana shiga.

Malam Habu: Haka ne Hajiya Zulai. Kuma in kin samu wanda cinya ta yi daidai ƙugu ya yi yawa, ɗauki shi. Rage ƙugu aikin ɗan lokaci ne a wurin tela. Ƙara faɗin zobe kuwa sai an nemo zif mai tsawo da ƙarin yadi iri ɗaya, ba ya ma yin kyau.

Baba Ilu: Kun ga dai duk dabarun nan na kauce wa matsalar da zif ya kawo ne. Akwai dogon wando mai maɓalli a gefe, ka naɗe ƙafa zuwa ƙwauri ka maƙale. Akwai mai zif a tsaye a gefen cinya, ka buɗe iska ta shiga ba ka cire komai ba. Babu zobe, babu ƙafar da za ta ɓace.

Kabiru: Baba, naɗewa ai tara yadi ne a bayan gwiwa, daidai inda zufa ta fi taruwa. Kuma in za ka tsallake rafi ruwa har cinya, naɗi ba zai cece ka ba.

Zulai: Amma batun ɓacewar ƙafa Baba bai yi ƙarya ba. Ni in na cire, nan take nake zura ɗaya cikin ɗaya in sa a aljihun jaka guda, kullum wuri ɗaya. Wasu ma ba sa cirewa duka, sai su zuge su bar ta ta sauka kan takalmi. Ban so haka ba, tana kama ƙaya.

Dakta Bashir: Bari in shigo da abin da ba na ɗinki ba. Nura, yawan amfanin da za ka yi da gajeren ya danganta da irin wurin da za ka bi, kuma ina ganin a nan ne ya kamata ka fara lissafi. In hanyar ciyawa ce mai tsawo ko kurmi, ƙafafun nan su zauna a jikinsu. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Tana hawa bakin ciyawa ta miƙa ƙafafu ta jira, in ka goga ta kama, sai ta yi ta hawa sama tana neman fata. A Arewacin Amurka da Turai tana ɗauke da cutar Layim, a sassan Afirka, Asiya da Gabas ta Tsakiya kuma akwai zazzaɓin Kirimiya-Kwango, wanda ba abin wasa ba ne. Dogon wando mai launi mai haske, a cusa bakinsa cikin safa, shi ne kariya ta farko, don za ka hango ta tana hawa kafin ta iso. Ana kuma fesa wa tufafi maganin ƙwari da ake kira famatirin, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. A kan yadi ake fesawa, ba a fata ba, a bari ya bushe sarai kafin a sa. Na fesawa yakan kai wanki shida, wanda aka yi a masana'anta kuma masu yinsa suna cewa yana kai wanki 70. Mai kyanwa a gida ya nisanta ta da shi har ya bushe, yana yi wa kyanwoyi illa sosai, kada kuma a zuba shi a ruwa saboda kifi.

UPF kuma ma'aunin yadda yadi yake tare hasken rana mai ƙuna ne. UPF 50 na nufin kashi ɗaya cikin 50 ne kawai yake ratsawa, wato kashi 2 cikin 100. UPF 30 yana tare kusan kashi 97. Bambancin bai kai a yi rigima a kai ba. Abin da ya fi muhimmanci, lambar tana raguwa in yadi ya miƙe ko ya tsufa ya yi shara-shara, kuma ba ta aiki a ƙafar da take cikin jaka. A kan tsauni hasken ya fi ƙarfi ko da iska tana kaɗawa kana jin sanyi. Bayan gwiwa da sha-raɓa su suka fi ƙonewa, don ba wanda yake tunawa da su.

Baba Ilu: Likita ya ƙara mini hujja. A ciyawa kada ka cire, a kan tsauni kada ka cire. To a ina za a cire?

Dakta Bashir: A doguwar hawa cikin inuwa, a buɗaɗɗiyar hanya in an shafa man kariya, a bakin ruwa, a zango. Wuraren suna nan Baba, ba dai su kai yadda masu talla suke nunawa ba.

Aminu: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Wanda aka rubuta DWR, yana nufin ruwan sama ba ya shiga?

Safiya: A'a Aminu. Wani sinadari ne ake shafa wa saman yadi, ruwa ya dunƙule ya gangara maimakon ya jiƙa. Raɓa da yayyafi zai tare maka. Ruwa mai ƙarfi zai ratsa, musamman ta ɗinki da ta zif ɗin nan da muke ta magana. Kuma yana gogewa da wanki da datti. In ya fara rauni, wanke wandon da sabulu mara ƙamshi, ka ɗauraye sosai, ka ba shi ɗan ɗumi kaɗan in lakabin ya yarda, yakan farfaɗo. Kada ka sa ruwan nan mai laushin kaya, yana toshe shi. Shekaru da yawa ana haɗa shi da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa da ruwa, har jihohin Kalifoniya da Niyok a Amurka suka hana sayar da yawancin tufafin da aka sa musu su daga farkon 2025. Sababbin da ba su da PFAS suna korar ruwa, sai dai maiƙo yana kama su da sauri, suna son wanki a kai a kai. Ni dai a wandon zafi ban damu da shi ba. Wanda zai jiƙe ya bushe kafin in gama hutawa ya fi mini.

Baba Ilu: Tunda an zo kan aibin yadi, ku faɗa masa batun wuta. Tartsatsi ɗaya daga wutar zango ya sauka a nailan, sai rami. Auduga ka kakkaɓe ka ci gaba da hira. Shi ya sa har yanzu nake son yadin da aka gauraya poliyesta da auduga, ya fi daɗi a fata, ba ya yin ƙara in kana tafiya.

Safiya: Gaskiya ne, nailan da poliyesta narkewa suke, daga wajen digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos, tartsatsi kuma ya wuce haka nesa. Gaurayen da Baba yake faɗa yana da kyau a busasshen wuri. Amma Nura ya ce da safe akwai sanyi. Auduga in ta jiƙe tana daɗewa, ruwa kuma yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Jiƙaƙƙen wando da iskar kan dutse ba su da daɗin haɗuwa. Ga nauyi, ka ce mara nauyi kake so.

Kabiru: Kada a manta da ƙugu. In za ka goya babbar jaka, ɗamararta a kan ƙugun wando take zama. Bel mai kauri, ƙarfen bel, madaukai masu tudu, maɓalli babba, duk za su nutse maka a ƙashi. Nemi mai siririn bel na ciki ko mazagi. Aljihun gefe ma ɗamarar jaka tana rufe su, wanda zai yi maka amfani shi ne na cinya mai zif. Amma kada ka cika shi, waya mai nauyi tana dukan ƙafa duk taku.

Malam Habu: Ka ƙara da hantsa. Wando na yau da kullum ɗinki huɗu ne suke haɗuwa a wuri ɗaya a tsakanin ƙafafu, duk ja a nan yake ƙarewa, nan yake fara ɓallewa. Na hawa ana sa masa wani ƙyalle daban mai kusurwa huɗu a wurin, ya raba jan. Gwiwa kuma a yi mata 'yan tattara don ta zo a lanƙwashe tun daga ɗinki. In akwai waɗannan biyun, ko yadin bai da roba sam za ka ɗaga ƙafa yadda kake so. Duba bakin aljihu da ƙarshen zif, a ga ɗinkin ƙarfafawa, wanda ake maimaitawa a wuri ɗaya har ya yi tudu.

Nura: To jama'a, na je na gwada guda biyu kamar yadda Malam Habu ya ce. Na farko nailan zalla ne mai gida-gida, ba nauyi ko kaɗan, yana da ƙyallen hantsa, yatsuna uku ma suna shiga a zoben in na tsuguna. Sai dai yana ɗan ƙara in ina tafiya, kuma ya yi mini buhu-buhu. Na biyu nailan kashi 88 ne roba kashi 12, ya zauna a jiki ya yi kyau sosai, ya ɗan fi nauyi, amma da na ɗora ƙafa a kujera yatsa ɗaya ne ya shiga da ƙyar.

Kabiru: Na biyun zai saki in ka sa shi kwana biyu.

Malam Habu: Yadin zai saki, zoben ba zai saki ba har wandon ya mutu. Na farko.

Safiya: Na farko. Ƙarar tana raguwa bayan wanki biyu-uku. Kashi 12 kuma ya yi yawa ga mai son saurin bushewa.

Zulai: Buhu-buhun nan shi ne iskar da za ka sha da rana. Amma duba mini abu biyu a na farkon. Zif ɗin hagu da na dama launinsu ɗaya ne? Ƙafafun ba sa musanya, in ba alama za ka yi ta juya su. Sannan akwai zif a tsaye daga idon sawu zuwa sama? In babu, sai ka cire takalmi duk lokacin da za ka cire ƙafa, a nan kuma hujjar Kabiru ta "a tsaye za ka zuge ka wuce" ta rushe.

Nura: Launi ɗaya ne Anti Zulai, ba wata alama. Zif na ƙasa akwai, amma gajere ne, kamar tsawon tafin hannu.

Malam Habu: Alama ba matsala ba ce, ɗaura jan zare a kan zif na dama, sama da ƙasa, shi ke nan. Gajeren zif ɗin ne abin dubawa. Koma da takalmin da za ka yi tafiyar da shi, ba wanda kake yawo da shi ba, ka gwada zare ƙafar ta kansa. Ka tuna a hanya takalmin da laka zai kasance, in yana shiga da ƙyar, duk lakar a cikin ƙafar wando za ta ƙare.

Baba Ilu: Tunda ka nace, ga tawa gudummawar. Duk lokacin da za ka wanke, haɗa ƙafafun ka zuge ka wanke shi a dogo, ko da saman kaɗai ka sa. In ba haka ba sama ya koɗe ƙasa tana sabuwa, ka fito da wando kala biyu. Kuma ka jefa gajeren wando a jaka duk da haka.

Kabiru: Baba ba ya saki.

Nura: Zan jefa Baba, ba zai yi nauyi ba. Malam Habu, tambaya ta ƙarshe. Ya ɗan yi mini tsawo, yana taɓa ƙasa ta baya. Ana iya rage shi?

Malam Habu: Ana iyawa, amma ba ta ƙasa ba, tunda akwai zif a idon sawu. In an yanke nan an cinye shi, ga shi dama gajere ne. Ta sama ake ragewa: a farke rabin zif ɗin da ke jikin ƙafar, a yanke abin da ya yi yawa, a mayar. Sai dai ƙafar wando tana tsukewa in ana sauka, don haka in an yanke da yawa bakin zai gaza tsawon zif ɗin, ya ƙi zama. Santimita biyu zuwa uku ba damuwa. Nawa ne ya yi maka yawa? Auna da takalmin a ƙafarka, jakar kuma a goye, don ɗamara tana ɗan danna wando ƙasa.

Nura: Ban auna da takalmi ba. Gobe zan koma da shi da jakar, in gwada duka biyun a lokaci ɗaya.

Zulai: Ka tafi da safar da za ka sa ma, mai kaurin.